Haɗa maganin homiyofati da hannu daga laimar kwaɗi ta daji: yaya ake yi, kuma me ke saura a kwalbar?

Ɗalibin Tsirrai ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman bayani daga waɗanda suka san hanyar haɗa maganin homiyofati da hannu, musamman idan abin da za a fara da shi laimar kwaɗi ce ta daji wadda aka san ta da amfani ga lafiya, kamar Ganoderma da ke fitowa a jikin kututturen itace, ko Trametes versicolor mai zobe-zoben launi. Abin da na fahimta shi ne ana jiƙa ta a cikin etanol, wato tsantsar barasa, a sami jiƙon farko, daga nan a riƙa sirka shi mataki bayan mataki ana jijjiga kwalbar. Abubuwa uku nake son a warware mini. Shin irin wannan laimar kwaɗin mai tauri kamar itace jiƙa ta ake yi ko niƙa ta? Wane mataki na sirki ya fi dacewa a tsaya a kai? Sannan, wanda shi ne ya fi damuna, shin amfanin da aka san wannan tsiro da shi yana biyo shi har cikin kwalbar ƙarshe, ko kuwa yana tsayawa a hanya? Ina roƙon a amsa mini da hujja, domin ba na son in ba kowa abin da ni kaina ban san mene ne a cikinsa ba.

Mai Harhaɗawa ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na koyi wannan aiki kuma ina girmama shi, don haka zan bayyana maka hanyar kamar yadda take, sannan in faɗa maka inda nake ganin tambayarka ta haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne.

Wanda ya kafa homiyofati shi ne likitan Jamus Samuel Hahnemann, wanda aka haifa a 1755 ya rasu a birnin Paris a 1843. A 1790 ya sha ɓawon itacen sinkona, wanda ake samun kwinin daga gare shi, ya ce ya ji alamomi masu kama da na zazzaɓin cizon sauro, kuma a 1796 ya wallafa ra'ayin da ya gina a kan haka: abin da ke haddasa wasu alamomi ga mai lafiya shi ne zai warkar da irin waɗannan alamomin ga marar lafiya, idan an ba shi kaɗan ƙwarai. Ka riƙe wannan, domin a kansa amsar tambayarka ta uku ta rataya.

Game da hanya, iri biyu ce. Abin da ke da laushi da ruwa a jikinsa ana yayyanka shi a jiƙa a cikin etanol da aka sirka da ruwa na wasu kwanaki, a tace, shi ne jiƙon farko. Abin da ke da tauri ko ba ya narkewa ana niƙa shi da sukarin madara a cikin turmin tangaran: kashi 1 na abin, kashi 99 na sukarin, a raba sukarin uku, a riƙa niƙawa na minti 6 zuwa 7 ana kankare jikin turmin na minti 3 zuwa 4, har sa'a guda ta cika. Wannan shi ne 1C. A ɗauki kashi 1 daga cikinsa a sake niƙawa da sabon sukari kashi 99 na wata sa'ar, a sami 2C, sannan 3C. Daga nan ake narkar da shi a ci gaba da ruwa da etanol: ɗigo 1 a cikin ɗigo 99, a toshe kwalba, a buga gindinta da ƙarfi a kan wani abu mai ɗan taushi, galibi sau 10, kodayake shi kansa Hahnemann ya sauya adadin bugun a lokuta daban-daban na rayuwarsa. A tsarinsa kowane mataki da sabuwar kwalbarsa. Akwai kuma ma'aunin kashi 1 cikin 10, wanda ake rubutawa da X ko D. A ƙarshe ana ɗiga ruwan a kan ƙananan ƙwayoyin sukari a bar su su bushe. Ga Ganoderma busasshiya, wadda wuƙa ma da ƙyar take shiga jikinta, niƙa ce hanyar da ta dace da ƙa'ida, bayan an goge ta ta zama gari.

Sai dai ga inda matsalar take. Homiyofati ba ya zaɓar abu saboda an san shi da amfani. Yana zaɓarsa saboda alamomin da yake jawowa. Shi ya sa fitacciyar laimar kwaɗi a wannan fanni ita ce mai jar hula da ɗigo-ɗigon fari, Amanita muscaria, wadda ake rubuta wa Agaricus muscarius a jikin kwalba, kuma ana ba da ita ga mai fizgar tsoka da ƙaiƙayin sanyi ne daidai domin gubarta na haddasa fizga da ruɗewa. Haka Secale cornutum, wato baƙar cutar da ke kama zangarniyar hatsin rai, da Ustilago da ke kama masara, da Bovista, wata laimar kwaɗi mai siffar ƙwallo. Idan ka ɗauki Ganoderma don an ce tana taimakon garkuwar jiki ka sirka ta don ta taimaki garkuwar jiki, ka fita daga ƙa'idar homiyofati tun kafin ka buɗe kwalbar farko. Kuma ko a cikin masu wannan sana'a ban san wani mai hankali da zai shawarce ka ka tsinko Amanita daga daji ka jiƙa a gida ba.

Malamar Kimiyya ta rubuta:

Na gode wa Malam Mai Harhaɗawa, domin ya kawo hanyar ba tare da ƙari ba, kuma ya faɗi gaskiyar da ba kowa ke faɗa ba. Ni zan ɗauki tambaya ta uku ta fuskar lissafi, tun da a nan ba a buƙatar ra'ayin kowa.

Kowane mataki na C yana rage abin zuwa kashi 1 cikin 100. Bayan mataki 3 saura kashi 1 cikin miliyan. Bayan mataki 6 saura kashi 1 cikin tiriliyan. Bayan mataki 12 an raba abin da lamba 1 mai sifili 24 a bayanta. To, akwai iyakar da raba abu ke tsayawa, domin kowane sinadari ƙwayoyi ne masu adadi, ba abu ne mai rabuwa har abada ba. Lambar Avogadro ta nuna cewa a mol guda na kowane sinadari, wato ma'aunin da masana kimiyya ke auna yawan ƙwayoyin sinadari da shi, akwai ƙwayoyi kimanin 6 mai sifili 23 a bayanta. Ke nan ko da a ce ka fara da mol guda cur na sinadarin da kake so, wanda jiƙon laimar kwaɗi bai ko kusa da shi ba, a 12C ba ka da tabbacin ƙwaya ko ɗaya ta rage. A 30C, wanda yana cikin matakan da aka fi sayarwa, an raba da 1 mai sifili 60. Abin da ke cikin kwalbar ruwa ne da etanol, abin da ke cikin ƙwayar maganin kuma sukari ne. Adalci ne a ce a zamanin da Hahnemann ya fara aikinsa ba a san girman wannan lamba ba, sai bayan rasuwarsa aka ƙiyasta ta. Mu kuwa mun sani.

Masu homiyofati suna amsa wannan da cewa bugun kwalba yana sa ruwa ya riƙe wani tasiri na abin da ya taɓa zama a cikinsa. Da haka ne, da an gan shi a gwajin marasa lafiya, kuma an duba sosai. A 2010 kwamitin kimiyya da fasaha na majalisar wakilan Birtaniya ya kammala cewa magungunan homiyofati ba su fi ƙwayar da babu magani a cikinta aiki ba. A 2015 majalisar binciken lafiya ta ƙasar Ostireliya ta fitar da rahoto cewa babu wata cuta da ake da ingantacciyar hujjar cewa homiyofati na maganinta. A 2017 hukumar lafiya ta Ingila ta shawarci likitoci su daina rubuta shi, Faransa kuma ta daina biyan kuɗinsa ta inshorar lafiyar gwamnati daga farkon 2021. Na san akwai ƙasashen da har yanzu suke ba shi matsayi a hukumance, kamar Indiya, amma amincewar hukuma ba ta mayar da ƙwayar sinadari cikin kwalbar da ba ta da ita.

Ba na musun cewa mutane na jin sauƙi bayan sun sha. Yawancin ƙananan cututtuka suna wucewa da kansu, mutum kuma yakan nemi magani ne a ranar da ciwo ya fi tsanani, don haka duk abin da ya sha a ranar zai ga kamar shi ya kawo sauƙi. Ga kuma tasirin zama da mai magani wanda ya saurare ka na sa'a guda. Waɗannan abubuwa ne na gaske, amma ba daga laimar kwaɗin suka fito ba.

Mai Bin Daji ya rubuta:

Malamai biyu sun yi magana a kan ƙarshen aikin. Ni damuwata tana farkonsa, domin a can ne ake mutuwa. Ɗan'uwa, ka lura da yadda wannan aiki yake: haɗarinsa duka yana a tsinkowa da jiƙon farko, inda sinadarin yake da cikakken ƙarfinsa, amfanin da ake fata kuma an ajiye shi a matakin da babu komai. Wato mai haɗawa da hannu ya ɗauki dukan kasadar kuma bai karɓi ladan ba.

Bari in fara da ganewa. Amanita phalloides, mai hula fara-fara da ta karkata zuwa kore, ita ce ke da alhakin mafi yawan mace-macen da laimar kwaɗi ke jawowa a duniya. Gubarta, amatoksin, tana hana ƙwayoyin hanta ƙera furotin, kuma kimanin miligiram 0.1 a kowane kilon nauyin jiki ya isa kisa, wato rabin hula guda na iya kashe babban mutum. Dafawa ba ta lalata ta, shanyawa ba ta lalata ta, daskarewa ba ta lalata ta, kuma tana narkewa a ruwa da etanol, don haka jiƙo shi ne ainihin hanyar fito da ita. Mafi munin halinta shi ne jinkiri: mutum ba ya jin komai sai bayan sa'a 6 zuwa 24, sannan amai da gudawa su taso, sannan ya ji kamar ya warke na kwana ɗaya ko biyu alhali hantarsa na lalacewa, daga nan sai shawara da rikicewar jini. Wanda ya jira sai ya ga alama kafin ya je asibiti ya riga ya ɓata sa'o'in da suka fi kowanne muhimmanci, kuma wasu sai dashen hanta ke ceton su.

Za ka iya cewa kai ba ta ƙasa kake nema ba, ta jikin itace kake nema, kuma gaskiya ne cewa masu tauri irin na kututture ba su cika kisa ba. Amma Galerina marginata ƙarama ce mai ruwan ƙasa da ke fitowa a ruɓaɓɓen itace, kuma tana ɗauke da amatoksin ɗin nan. A Koriya an sami mutanen da suka sha dafaffen wata jar laimar kwaɗi mai siffar ƙahon barewa, Podostroma cornu-damae, suna zaton Ganoderma ce da ba ta gama buɗewa ba, wasu fatarsu ta saɓule, gashinsu ya zube, ƙwayoyin jininsu suka faɗi, wasu suka rasu. Ita kanta Ganoderma ba jinsi ɗaya ba ce, jinsuna ne masu yawa da ke kama da juna, har masana sai sun duba ƙurar irinta a madubin ƙara girma ko sun gwada ƙwayar halittarta kafin su tabbatar. Hoto a waya da manhajar gane tsirrai ba su isa ba. Kada kuma ka dogara da maganganun da ake yi cewa mai guba tana baƙanta cokalin azurfa, ko cewa abin da ƙwari suka ci ba ya cutar da mutum; duka ba gaskiya ba ne.

Sannan akwai inda ta tsiro. Laimar kwaɗi tana zuƙar abin da ke cikin ƙasa da itace ta tara shi, har da dalma da kadmiyom da makuri. A wasu dazuzzukan kudancin Jamus har yanzu ana auna sinadarin siziyom mai tururin nukiliya a wasu jinsunan daji, saura daga haɗarin tashar nukiliyar Chernobyl na 1986. Wadda ta fito a gefen babbar hanya ko a kan katakon da aka yi wa magani ba abar jiƙawa ba ce, komai kyanta.

Yanzu ga amfanin da kake tambaya. Abin da aka yi bincike a kansa a cikin waɗannan tsirrai iri biyu ne a dunƙule: dogayen sinadaran sukari da ake kira beta-gulukan, waɗanda ruwan zafi ke fitarwa bayan doguwar dahuwa domin bangon ƙwayoyin laimar kwaɗi na da tauri, da kuma sinadarai masu ɗaci irin na Ganoderma waɗanda etanol ke fitarwa. Daga Trametes versicolor aka tace sinadarin PSK, wanda Japan ta amince da shi a 1977 a matsayin ƙari a kan maganin cutar kansa, kuma gram 3 aka riƙa ba majiyyaci a rana. Daga laimar kwaɗin shitake aka tace sinadarin lentinan, wanda allura ake yi da shi a asibiti. Ka dubi wannan adadi, gram 3 na tataccen sinadari kowace rana, ka kwatanta da kashi 1 cikin miliyan na garin ɗanyen tsiro a 3C. Duk abin da aka gani na amfani a waɗannan gwaje-gwaje an gan shi ne da adadi mai yawa, kuma babu hanyar da za a ɗauki wannan sakamako a jingina shi ga ƙwayar da aka sirka. Ko a cikakken adadin ma hujjar ba ta kai yadda ake tallata ta ba: bitar da ƙungiyar Cochrane, mai tantance sakamakon binciken lafiya, ta yi wa gwaje-gwajen Ganoderma ba ta sami dalilin amfani da ita a matsayin maganin farko na kansa ba.

Kuma kada a ɗauka cewa mai amfani ba ta da illa. Inonotus obliquus, baƙin ƙullutun da ke fitowa a itatuwan ƙasashen sanyi, tana da sinadarin okzalet da yawa, kuma an sami waɗanda ƙodarsu ta lalace bayan sun daɗe suna shan garinta. Ganoderma na iya ƙara haɗarin zubar jini ga mai shan maganin tsinka jini, an kuma ba da rahoton waɗanda hantarsu ta taɓu bayan shan garinta. Mai juna biyu da mai ciwon hanta ko ƙoda da wanda ake yi wa maganin kansa, kada ɗayansu ya sha ba tare da likitansa ya sani ba.

Ɗalibin Tsirrai ya rubuta:

Na gode muku duka, Allah ya ƙara ilimi. Na gane yanzu cewa abu biyu nake ƙoƙarin haɗawa. To amma idan na tsaya a ƙaramin mataki, kamar 2X ko 3X, inda sinadarin bai ƙare ba, shin ban sami tsaka-tsaki ba ke nan? Na kuma ji akwai hanyar da ake amfani da kwalba ɗaya tak maimakon sabuwa a kowane mataki. Shin ita ta fi sauƙi ga mai aiki da hannu?

Malamar Kimiyya ta rubuta:

Ɗan'uwa, ƙaramin mataki shi ne wurin da ya fi kowanne rashin riba. A 2X kana da kashi 1 cikin 100 na jiƙon farko, a 3X kashi 1 cikin 1,000. Idan tsiron Trametes ne na gaske, 'yan ɗigon da za a sha ba su kai ko kusa da adadin da aka yi gwaji da shi ba, ga shi kuma jiƙon etanol mai sanyi ba ya fito da beta-gulukan yadda ya kamata tun farko. Idan kuwa an yi kuskuren ganewa, ko da gangan aka fara da mai guba kamar yadda ƙa'idar homiyofati ta tanada, to a wannan mataki gubar na nan, kuma kai ba ka da na'urar auna yawanta. Ƙarfin sinadari a laimar kwaɗi yana bambanta daga wannan tsiro zuwa wancan, daga wannan daji zuwa wancan, har daga hula zuwa kara. Wannan ba matsalar mai aikin gida kaɗai ba ce. A 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sanar cewa ta auna wasu ƙwayoyin homiyofati da ake ba jarirai masu fitar da haƙori, ta tarar adadin gubar tsiron beladona a cikinsu ba daidai yake ba, a wasu ya zarce abin da aka rubuta a jikin kwalba nesa ba kusa ba. Idan masana'anta mai injina ta kasa daidaita wannan, turmi da kwalba a kan tebur ba za su daidaita shi ba.

Hanyar kwalba ɗaya ita ce ta Korsakov, wani ɗan Rasha da ya yi zamani da Hahnemann, kuma ana rubuta ta da K. Ana zubar da ruwan kwalbar duka, a ɗauka cewa abin da ya manne a jikinta ya kai kashi 1 cikin 100, a sake cika ta a buga. Ta fi sauƙi, haka ne, amma sauƙin ya zo ne daga barin awo: babu wanda ya san ainihin abin da ya manne, kuma wasu sinadaran suna kama jikin gilashi fiye da wasu, don haka a matakan farko ba ka san ƙarfin abin da ke hannunka ba.

Idan sha'awarka tana ga laimar kwaɗi mai amfani, ka bar sirki gaba ɗaya ka bi hanyar da aka yi bincike a kanta. Ka fara da wadda aka noma, wadda aka san jinsinta da abin da aka shuka ta a kai, domin shitake da Ganoderma da Hericium duka ana noma su a kan garin katako ko gungume. Idan dole sai ta daji, ka kai samfurin gaba ɗayansa, har da gindin kara, ga masanin da zai duba shi da idonsa, ka kuma ajiye busasshen yanki daga kowane tsinko tare da rana da wurin da aka samo shi, domin idan wani ya kamu da ciwo wannan yankin ne likita zai buƙata don sanin abin da yake fuskanta. Duk wanda ya sha wani abu daga laimar kwaɗi ta daji kuma aka yi shakkar jinsinta, a kai shi asibiti a lokacin, tare da ragowar abin da ya sha, ko da yana cewa lafiyarsa ƙalau.